Wanda Aka Gina wa Shaolin, Aka Kuma Manta da Shi

Duk wanda ya taso yana leƙa gidan kallo a Kano ko Jos ko Damagaram ya san sunan Shaolin tun kafin ya iya nuna ƙasar Sin a taswira. Mazaje ne masu aski ƙwal-kwabo da tufafi ruwan goro, suna shawagi a sama da gora a hannu, ɗaya ya tarwatsa ashirin. Daga finafinan 'yan Chaina muka samo wannan hoto, ya kuma zauna daram a zukatanmu. Wanda ya ɗan taɓa bincike zai ce maka wani malami ne daga Indiya mai suna Bodhidharma, wanda Sinawa ke kira Damo, ya kafa gidan, ya shekara 9 a zaune yana fuskantar bango, sannan ya koya wa almajiransa faɗa domin jikinsu ya yi ƙwari. Labarin yana da daɗin ji. Amma tsofaffin littattafan Sinawa wani mutum daban suka ambata.

Littafin tarihin daular Wei, wanda Wei Shou ya kammala a shekarar 554, ya taɓo maganar cikin 'yan kalmomi. Ya ce akwai wani ɗan zuhudu daga ƙasashen yamma mai suna Batuo, ma'abocin himma a tafarkinsa, wanda Sarki Xiaowen ya girmama ya kuma amince da shi ƙwarai. Sai sarkin ya ba da umarni a gina gidan Shaolin a gefen arewa na dutsen Shaoshi domin ya zauna, baitulmali kuma ya ɗauki nauyin suturarsa da abincinsa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sunan gidan ma daga wurin ya fito: "Shao" guntun sunan dutsen ne, "lin" kuma kurmi. Shekarar 495 aka fi ba da ita a matsayin shekarar ginin, ko da yake wasu littattafan sun ce 496, kuma a kan lissafin farko ne gidan ya yi bikin cika shekara 1,500 a 1995.

Ni dai a wurina, wannan wutsiyar jimlar, cewa baitulmali ya ɗauki nauyin sutura da abinci, ta fi duk tatsuniyoyin da aka rataya wa gidan bayyana yadda aka yi ya zama abin da ya zama. Mutum ne ya zo neman wurin da ba hayaniya, sarki ya ba shi, ya haɗa masa da ci da sha. Daga wannan kyauta filaye suka biyo, daga filaye makamai suka biyo, daga makamai suna ya biyo, sunan kuma ya binne mutumin.

Zan riƙa cewa zuhudu da halwa da silsila domin su ne kalmomin da suka fi kusa a harshenmu. Wannan ba ya nufin aƙidun sun haɗu, kowa ya san addinin Buda hanyarsa daban. Kalmar da su suke amfani da ita ga zaman tattara hankali ita ce "dhyana" a harshen Sanskrit. Sinawa suka rubuta ta "channa", suka taƙaita ta koma "chan", mutanen Japan kuma suka furta ta "zen". A zamanin Batuo, in an ce wane malamin chan ne, ana nufin gwanin zaman ne kawai, kamar yadda wani gwaninta take a fassara, wani a dokokin zuhudu, wani a rera karatu. Babu wata ɗariƙa mai suna Chan a lokacin. Sai bayan shekara kusan 200 ta kunno kai, kuma wannan tazara ce ta haifi rikicewar da muke ciki.

Cikakken labarin Batuo yana hannun Daoxuan, babban malamin dokokin zuhudu na zamanin daular Tang, wanda ya tattara tarihin fitattun 'yan zuhudu a shekarar 645. Shi Fotuo ya kira shi, ya ce mutumin Indiya ne. Masana na ganin duka sunayen biyu gutsure ne na sunan Buddhabhadra ko wani mai kama da shi. A nan ma sai an yi hattara, domin akwai wani Buddhabhadra da ya riga shi, mai fassara, wanda ya rasu a 429 a kudancin Sin bayan ya juya wani ƙaton littafin addininsu zuwa Sinanci. Ana yawan cakuɗa su, alhali kama da wane ba ta wane.

A ruwayar Daoxuan, su shida ne abokan neman tafarki. Biyar suka kai ga abin da suke nema, Batuo kaɗai ya rage, duk ƙoƙarinsa bai ga komai ba. Sai ɗaya daga cikinsu ya ce masa rabonsa yana ƙasar Sin, a can zai sami almajirai biyu, kuma ta hanyarsu zai amfana. Ya bi ƙasashe har ya iso Pingcheng, babban birnin daular Wei ta Arewa, inda garin Datong yake a yau. Sarki ya karɓe shi, ya ware masa wurin halwa, aka sassaƙa masa kogunan zama a jikin dutse. Wani attajiri ɗan gidan Kang shi ma ya gina masa keɓaɓɓen ɗaki. An ce wata rana yara suka leƙa ta tsagin ƙofa suka ga wuta na ci a ciki, suka ruga suka kira manya, da aka zo ba a tarar da komai ba sai malamin a zaune. Irin wannan labari ba ya rasuwa a tarihin waliyyan kowace al'umma. Abin da ya fi tsaya mini shi ne farkon ruwayar: an gabatar da wanda ya kafa gidan a matsayin mutumin da abokansa suka wuce suka bari, wanda nasararsa ke rataye a wuyan almajiransa.

Kafin a gane dalilin da sarki zai gina wa baƙo irin wannan gida, sai an san su wane ne masu mulkin. Sarakunan Wei ta Arewa ba Sinawan asali ba ne. 'Yan gidan Tuoba ne na ƙabilar Xianbei, makiyaya mahaya dawaki daga arewa, waɗanda suka kafa daularsu a 386, suka haɗe arewacin Sin a ƙarƙashinsu zuwa 439. Tsiraru ne suna mulkin miliyoyin manoma masu harshe da rubutu da alfahari da dogon tarihinsu. Addinin Buda ya yi musu amfani domin shi ma baƙo ne, ba na Sinawa ba, ba na Xianbei ba, kowa na iya shiga. Tun zamanin sarkinsu na farko aka naɗa wani mai suna Faguo shugaban 'yan zuhudu na ƙasa, kuma shi ne ya ce sarki Buda ne na wannan zamani, don haka in ya rusuna masa ba ga sarki ya rusuna ba. A daidai wannan ƙarni, a kudu, malami Huiyuan na dutsen Lu ya rubuta a 404 cewa ɗan zuhudu ba ya rusuna wa sarki. A arewa kuwa tun farko addinin a tafin hannun fada ya girma.

Hannun da ya ɗaga ka kuwa yana iya kayar da kai. A 446, ana cikin murƙushe wata tawaye, sojojin Sarki Taiwu suka tarar da makamai a wani gidan zuhudu a birnin Chang'an. Wazirinsa Cui Hao, wanda dama ba ya ƙaunar addinin, ya ingiza shi, aka ba da umarnin rushe gidaje, ƙona littattafai da kashe 'yan zuhudu. Sai a 452, bayan mutuwar Taiwu, jikansa ya ɗage dokar. Domin wanke abin da ya faru, wajen 460 aka fara sassaƙa kogunan Yungang kusa da Pingcheng a ƙarƙashin jagorancin Tanyao, da manyan gumaka biyar da masana da yawa ke ganin sarakunan gidan Tuoba suke wakilta. Tanyao ɗin ne kuma ya tsara yadda za a ciyar da addinin: aka ware iyalan manoma da za su riƙa ba ofishin 'yan zuhudu hatsi duk shekara, aka kuma ba gidajen fursunoni da bayin gwamnati su yi shara da noma. Ƙidayar da aka yi wajen 477 ta nuna gidajen zuhudu 6,478 da 'yan zuhudu maza da mata 77,258 a faɗin daular.

Wannan shi ne gadon da Xiaowen ya tarar. An haife shi a 467, aka ɗora shi a karaga yana ɗan shekara 4, kakarsa Feng ce ke riƙe da mulki har ta rasu a 490. Yana da imani da addinin, amma ya san haɗarinsa, domin a 481 wani ɗan zuhudu mai suna Faxiu ya shirya tawaye a cikin babban birnin kansa. Shi ya sa a zamaninsa aka bi sawun 'yan zuhudun da ba su da rajista, aka ƙayyade yawan waɗanda kowane lardi zai naɗa, aka kuma rubuta musu dokoki. Sarki irin wannan yana bukatar malamin da zai nuna wa jama'a ya ce ga ɗan zuhudu na gaskiya: baƙo, wanda ba shi da dangi ko ƙabila a ƙasar, ba ya tara mutane a kasuwa, ba abin da yake so sai a ƙyale shi ya zauna shiru.

A 493 Xiaowen ya yi abin da ya girgiza daular. Ya fito da runduna da sunan yaƙar kudu, suka iso Luoyang cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, hakimai suka durƙusa gaban dokinsa suna roƙon a dakata. Ya ce ya yarda, da sharaɗin a mai da babban birni nan. Luoyang tsohon birnin sarakunan Sin ne, kuma zama a cikinsa da'awa ce cewa shi ne halattaccen magajin sarautar ƙasar duka. Dokoki suka biyo baya a jere: aka hana tufafin Xianbei, a 495 aka hana jami'ai 'yan ƙasa da shekara 30 magana da harshen Xianbei a fada, aka ce wanda ya mutu a Luoyang a binne shi a can, kada a mai da gawarsa arewa. A 496 ya sauya sunan gidansu daga Tuoba zuwa Yuan. Ɗansa mai jiran gado ya ƙi wannan sauyi, ya yi yunƙurin gudu arewa, aka tsige shi, daga baya aka kashe shi. A tsakiyar wannan guguwa aka aza harsashin Shaolin.

Batuo ya biyo sarki zuwa Luoyang, aka sake ware masa wurin halwa a can. Daoxuan ya ce zuciyarsa na ga daji da kwazazzabai, yana yawan sulalewa zuwa tsaunin Song, har sarki ya ga ya fi a gina masa wuri a can. Zaɓin wurin ya dace da bukatar kowannensu. Tsaunin Song shi ne na tsakiya a cikin tsaunuka biyar da Sinawa ke tsarkakewa, sarakuna na zuwa yi masa hadaya tun zamanin daular Han. A kansa ne kuma Kou Qianzhi, jagoran addinin Tao wanda Taiwu ya ɗaukaka, ya ce an yi masa wahayi a 415. Sarkin da ke son a ɗauke shi Basine na haƙiƙa, wanda kuma kakanninsa suka taɓa zubar da jinin mabiya Buda, ya kafa gidan Buda a kan tsaunin tsakiyar duniyar Sinawa. Nisansa da Luoyang bai kai kilomita 60 ba, manzon fada zai je ya dawo ba wahala. Akwai kuma wani abu: wata takarda da Yarima Cheng na Rencheng ya miƙa wa fada bayan mutuwar sarkin ta tuna cewa a tsarin Xiaowen na sabon birnin, gidan zuhudu ɗaya tak aka ware wa fili a cikin ganuwa, ɗaya na mata a kewayen waje, sauran duk a bayan gari. Yana son addinin a kusa da shi, amma ba a cikin lungunan birninsa ba. Magadansa ba su riƙe wannan tsari ba, domin kafin daular ta tarwatse a 534 an ƙirga gidajen ibada 1,367 a Luoyang.

Kada a yi gaggawar kiran Batuo malamin fada. Dokar zuhudunsu ta hana ɗan zuhudu tonon ƙasa, ta hana shi riƙe zinariya da azurfa, ta hana shi ajiye abincin yau ya kai gobe. Da bara yake rayuwa. Mutum ɗaya a kan dutse yana iya saukowa ƙauye da ƙwaryarsa, amma Daoxuan ya ce masu neman natsuwa sun yi ta kwarara daga ko'ina har yawansu ya riƙa kaiwa ɗaruruwa. Wane ƙauyen gefen dutse ne zai ciyar da baki ɗari uku kullum? Halwar jama'a ba ta yiwuwa sai da mai ɗaukar nauyi. Ko a zamanin Buda kansa, Sarki Bimbisara ne ya ba shi lambun gora, attajiri Anathapindika kuma ya saya masa lambun Jeta. Batuo bai ƙirƙiro komai ba, hanyar da ya gada ya bi. Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin ba lallai ne a kan wanda ya karɓi ladan ya faɗo ba. Sau da yawa jikoki ne ke biya.

Gadonsa na gaskiya yana ga almajiran nan biyu. Na farko Huiguang. Ruwayar ta ce Batuo na tafiya a titin Luoyang ya ga taro, ya leƙa, sai ga yaro ɗan shekara 12 a tsaye a kan bakin rijiya yana buga wani ɗan abin wasa da ƙafa ba ya bari ya taɓa ƙasa, har sau 500 a jere. Malamin ya ce yaron da ya ƙware haka a wasan duniya ba zai yi duhun kai a tafarki ba. Ya ƙwanƙwasa kansa da sanda, ya ji sautin ya fita tas, ya ɗauke shi. Lissafin shekarun bai zauna daidai ba, domin in an bi 468 da aka saba ba shi a matsayin shekarar haihuwa, ya cika 12 tun kafin a koma Luoyang. Amma abin da ya biyo baya tabbatacce ne. Batuo bai zaunar da yaron a halwa ba, karatun dokoki ya tura shi, da hujjar cewa doka ita ce tushen hikima, kuma mai kaifin basira in ya fara da manyan littattafai zai raina ƙa'ida. Wannan magana ta burge ni ƙwarai, ganin daga bakin gwanin halwa ta fito. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Huiguang ya zama ginshiƙin karatun kundin dokoki mai kashi huɗu, wanda daga baya duk 'yan zuhudun Sin suka koma kansa, kuma Daoxuan kansa a wannan layi yake. Ya sa hannu a aikin fassarar da malaman Indiya biyu, Ratnamati da Bodhiruci, suka fara a 508, ya kuma kai matsayin shugaban 'yan zuhudu na ƙasa a birnin Ye kafin rasuwarsa a 537.

Na biyu Sengchou, wanda aka haifa a 480. Malamin littattafan Confucius ne, tsohon masanin hikima na Sinawa, kafin ya bar duniya yana da shekara 28. Ya fara koyon zaman a hannun Daofang, almajirin Batuo. Abin da suke yi ba shi da wani ado. Mutum zai zauna ya bi numfashinsa, shigarsa da fitarsa. Zai sa hankali a kan abu huɗu: jikinsa, abin da yake ji na daɗi ko zafi, halin da zuciyarsa take ciki, da yadda al'amura ke tasowa suna gushewa. Zai yi ta tuna mutuwa da ruɓewar gawa har kwaɗayi ya sake shi. Sengchou ya shekara da shekaru a haka a duwatsu daban-daban, sannan ya zo Shaolin ya baje wa Batuo abin da ya samu. Tsohon ya ce masa, daga tsaunukan Pamir zuwa gabas babu wanda ya kai shi a ilimin halwa. Sarakunan Wei sun kira shi fada ya ƙi zuwa. Daga ƙarshe Sarki Wenxuan na daular Qi ta Arewa ya matsa masa ya sauko, ya gina masa gidan Yunmen a 552, inda ya zauna har ya rasu a 560. Abin da ya faru da malaminsa shi ya faru da shi: gudun fada ne ya sa fada ta bi shi.

To ina Bodhidharma a duk wannan? Mutum ne da ya rayu, ba ƙage ba. Yang Xuanzhi, wanda ya rubuta tarihin gidajen ibadar Luoyang a 547, ya ambace shi a matsayin wani tsoho daga Farisa mai cewa shekararsa 150, ya tsaya yana mamakin hasumiyar Yongning da aka gina a 516. Daoxuan ya ce daga kudancin Indiya yake, ya yaba wa hanyarsa ta "kallon bango", amma bai zaunar da shi a Shaolin ba. Da ya kwatanta shi da Sengchou, cewa ya yi koyarwar Sengchou a fili take, mai sauƙin girmamawa, ta Bodhidharma kuwa mai zurfi ce, mai wuyar shiga. A ƙarni na 6, layin Batuo ne ke da gidaje da sarakuna da dubban mabiya. Mutanen Bodhidharma 'yan tsiraru ne a gefe.

Abin ya juye ne a ƙarshen ƙarni na 7. Wani malami mai suna Faru, almajirin Hongren, ya zauna a Shaolin ya rasu a 689, kuma a rubutun kabarinsa ne aka fara ganin silsila a jere: Bodhidharma, Huike, Sengcan, Daoxin, Hongren, Faru. Lokacin kuwa tsaunin Song na kan ganiyarsa, Sarauniya Wu Zetian na mulki daga Luoyang, a 696 ta hau tsaunin ta yi babbar hadaya, daga nan garin da ke gindinsa ya sami sunan Dengfeng. Sabuwar ɗariƙar Chan ta gina da'awarta a kan cewa gaskiya daga zuciya zuwa zuciya take tafiya, malami ɗaya almajiri ɗaya, tun daga Buda. Silsila irin wannan kai ɗaya take ɗauka. Tunda kan nasu Bodhidharma ne, gidan da suke zaune kuma Shaolin ne, sai a hankali aka jawo shi ciki. Kowane ƙarni ya ƙara nasa. Daoxuan ya ce 'yan fashi ne suka sare wa Huike, almajirin Bodhidharma, hannu, na baya suka ce shi ya sare da kansa yana tsaye cikin ƙanƙara domin malam ya karɓe shi. Zuwa 1004, lokacin da aka miƙa wa fadar daular Song babban kundin silsilar Chan, shekara 9 a gaban bango a Shaolin ta riga ta zama abin da kowa ya sani. Hanyar Batuo da Sengchou kuwa, ta bin numfashi da tuna mutuwa mataki-mataki, aka riƙa kallonta a matsayin ƙaramar hanya ta masu farawa.

Maganar faɗa kuma daga gona ta taso. Bayan an rufe gidan a lokacin da Sarki Wu na daular Zhou ta Arewa ya haramta addinin a 574, an sake buɗe shi, sannan Sarki Wen na daular Sui ya ba shi fili mai faɗin eka kusan 1,400 a wani wuri da ake kira Kwarin Baigu, a kan hanyar Luoyang. Ciyarwar da Xiaowen ya fara daga baitulmali ta koma ƙasa mai hatsi da manoma. Da daular Sui ta wargaje, 'yan fashi suka afka wa gidan suka cinna masa wuta, sannan wani madugun yaƙi, Wang Shichong, ya ƙwace filin ya girke ɗan ɗan'uwansa Wang Renze da sojoji a kai. A 621, lokacin da Li Shimin na gidan Tang, wanda daga baya ya zama sarki, ya yi wa Luoyang ƙawanya, 'yan zuhudun Shaolin suka haɗa kai da wasu na cikin sansanin suka kama Wang Renze suka miƙa shi. Sunayen 13 daga cikinsu suna nan a rubuce. An ba ɗayansu, Tanzong, muƙamin janar, aka tabbatar wa gidan da kashi 40 cikin 100 na girman filin farko, da injin niƙa mai aiki da ruwa. A 728 aka kafa wani allon dutse aka zana wasiƙar Li Shimin a kai, a daidai lokacin da gwamnati ke ƙwace filayen gidajen zuhudu. Allon bai ambaci wani salon dambe ba. Takardar shaidar mallakar gona ce aka rubuta a dutse domin kada wani jami'i ya ce bai gani ba.

Shaharar gidan da gora sai a zamanin daular Ming ta bayyana, kusan shekara 1,000 bayan Batuo. A 1553 an ga 'yan zuhudun Shaolin cikin rundunar da ta yaƙi 'yan fashin teku a gaɓar gabas, kuma ko a lokacin ba Bodhidharma suke danganta gorarsu gare shi ba, wani abin bautarsu ne mai gadin addini. Littafin motsa jiki da aka jingina wa Bodhidharma, Yijin jing, a 1624 ya fito, da gabatarwa biyu na jabu da aka sa wa sunayen tsofaffin janar-janar. Masanin tarihin dambe Tang Hao ya warware wannan zare tun a 1930. Amma labarin ya riga ya shiga littattafan hira, daga nan ya shiga majigi, daga majigi ya iso mana.

Abin da ke damuna a wannan mantuwa ba rashin adalci ga mutum ɗaya ba ne kawai. In ka cire Batuo daga labarin, ka cire sarkin da ya ciyar, ka cire hatsi da filin Baigu, sai ya zama kamar zaman halwa ne da kansa ya haifi iya faɗa, kamar natsuwa wani sirri ne na karya ƙashin abokin gaba. Mutanen da suka fara zama a kurmin nan neman kashe fushi da kwaɗayi suka je yi, kuma almajirin da malamin ya fi ji da basirarsa dokar hana kisa aka tura shi ya karanta. Jikokinsu sun ɗauki makami ne saboda suna da abin da za a ƙwace musu. Yau gidan yana cikin wuraren tarihi na Dengfeng da hukumar UNESCO ta sa a jerinta a 2010, makarantun kung fu sun cika garin, masu ziyara kuma kan hau dutse su ga kogon Damo.

Daoxuan ya rufe tarihin Batuo da 'yan layuka. Ya ce da tsufa ya kama shi, sai ya daina shiga harkokin jama'ar gidan, ya bar almajirai su ci gaba da koyar da juna. Ya kwashe ya fita daga gidan da sarki ya gina masa, ya koma wani ɗan ɗaki shi kaɗai a bayan katanga. Da ajalinsa ya matso, ya zana hoton wani mai tsaronsa na ɓoye da hannunsa a bangon da ke bakin ƙofar ɗakin, kuma Daoxuan ya ce har zuwa lokacin da yake rubutu, zanen yana nan.